Mushe Gaiwa da Bencin Baya

Duk wanda ya yi tarminal, ajin ƙarshe na sakandare, a hannun Kawu Habila ya san ranar bokiti. Idan rani ya yi nisa, Komadugu, kogin garinmu, ta janye ta bar laka tana tsagewa, sai wata safiya ku hango shi ya doso lise, makarantar da yake koyarwa, yana tura motonsa, wato babur, da hannu. Lafiyar moto lau, hawa ne ba zai yi ba, wai kada kayan da ya ɗauro a baya su girgiza. Kayan me? Curin busasshiyar laka naɗe cikin buhu, da wani tsohon bokitin ƙarfe da ya girme ni. Ya shiga aji, ya cika bokiti da ruwa, ya tsoma curin a hankali, ya ce, "Ku buɗe kayen rubutunku, kuma ku rage murya. Muna da baƙuwa, barci take." Sannan ya juya ga allo ya rubuta babin juyin halitta, wanda shi yake ce wa ebolisiyo, mutanen gari kuma suke ce wa darasin biri.

Kafin a tashi, lakar ta jiƙa ta saki, sai ga gaiwa ta motsa. Kifin nan ne mai dogon jiki da yake binne kansa a laka in ruwa ya ƙafe, ya yi ta barci har damina. Ta ɗago baki saman ruwa ta shaƙi iska, ƴan mata su kwashe da ihu, samari su hau kan tebur. Shi kuwa sai ya tsaya yana shafa ciki, ka ce shi ya haife ta. "Kun gani? Kifi ne, amma da huhu take numfashi irin na ƙirjinku. Ku gaishe ta da ladabi, dangin kakanninku ce ta nesa." Daga nan sunan Mushe Gaiwa, wato Malam Gaiwa, ya bi shi, har ƴan tasha da shi suka san shi.

Ni ce Rahila, ɗiyar ƙanwarsa, a ɗakinsa na girma. Daga ƙasar Maradi gwamnati ta turo shi Difa yana saurayi, aka ce masa ɗan lokaci zai yi a mai da shi gida, ga shi nan muka binne shi. Kirista ne na gaske, ba na Kirsimeti ba. Dattijo ne a ƴar majami'armu, shi yake buga tsohon ƙarfen tayar da muka rataye a madadin ƙararrawa, shi ne kuma mai babbar murya a cikin mawaƙa. Ku da kuka san shi kun san haka, amma ina faɗa ne saboda waɗanda suka ji labari a bakin wasu, aka ce musu wai ya bar Allah ya bi biri.

Miyar kifi ce ta jawo rigimar. Talatu, ɗiyar Pasto Ayuba, ta shiga ajinsa wata shekara, ta ga bokiti, ta koma gida ta ture kwanon miya ta ce ita ba ta cin danginta. Da la'asar sai ga Pasto a ƙofarmu, ko zama bai gama yi ba.

"Dattijo Habila, kai ne ka ce wa ɗiyata biri ya haife ta?"

"Haba Pasto! Kai ka haife ta, kowa ya ga hancin ya sani. Cewa na yi mu da biri kakanmu ɗaya, can da nisa. Kuma maganar cin kifi ba ta cikin darasina, Talatu dama ba ta son miyar Mamanta ne."

Pasto bai yi dariya ba. Ya sassauta murya ya ce, "Ɗan'uwa, ba faɗa na zo ba. Ka tsallake babin nan. Ka ce lokaci ya ƙure, malamai nawa suke yin haka? Yaran nan ƙanana ne, za ka girgiza musu bangaskiya."

"To in ya fito a jarrabawar bak, kai za ka shiga ka rubuta musu? Kuma so kake in yi ƙarya don in tsare gaskiya? Pasto, Allah ba ya tsoron tambaya."

Wannan ita ce kalmarsa. Ko gishiri ya yi yawa a miya ya tambayi dalili, Tanti Saratu matarsa ta harare shi, sai ya ce Allah ba ya tsoron tambaya. Ita kuma ta ce, "Ni ina tsoro, ci ka tashi."

Dattawa suka zauna a kansa. Ba na zargin Pasto Ayuba da mugunta, mutum ne mai tsoron kada garkensa ya watse, mu kuma dama ƴan kaɗan ne a garin nan. Amma hukuncin da suka yanke har yau yana ci mini rai. Suka sa shi a horo. Ga wanda bai san al'adarmu ba, wanda aka sa a horo yana komawa bencin baya na bakin ƙofa, ba ya cin Jibin Ubangiji, wato burodi da ƙoƙo mai tsarki, tare da jama'a, sai ranar da ya miƙe a gaban kowa ya ce na yi zunubi, na tuba. Bencin mashaya ne da waɗanda aka kama da matan mutane. Suka karɓe kujerar dattijo, suka karɓe sandar buga ƙarfe, suka ce ya bar babin ya tuba, ko ya zauna can.

Kawu ya ce, "Wane zunubi zan ce na yi? Littafi ya gaya mini Wanda ya yi halitta. Gaiwa tana nuna mini yadda ya bi ya yi ta. Ni ban ga faɗa tsakaninsu ba, ku ne kuke faɗan."

Lissafinsu shi ne ɗayan biyu zai faru, ko ya tuba kafin damina, ko ya yi fushi ya bar majami'a su huta. Ba su san Kawu ba! Lahadi ta farko ya riga kowa zuwa, da guduma da ƙusoshi a jaka. Bencin horo dama ƙafarsa ɗaya ta karye, da gangan ake barinsa haka don mai laifi ya ji a jikinsa. Ya gyara shi tsaf. Mako na gaba ya shafe shi da shuɗin fenti. Na gaba ya sa Tanti ta ɗinka masa ƴar katifa, tana ɗinki tana kuka tana zaginsa da taurin kai. Kafin a ankara bencin masu zunubi ya fi na dattawa kyau.

Waƙa fa? An cire shi daga mawaƙa, amma ba a cire masa maƙogwaro ba. Daga can baya yake sako murya, sai ka ga mawaƙa sun bar mai ba da waƙa sun bi shi. Aka aiko masa ya rage. Ya ce, "Horon zama kuka ba ni. Ku nuna mini inda aka ce horon ya hau murya."

Duk wanda aka turo bencin, Kawu ne mai masaukinsa. Ya matsa masa, ya miƙa masa littafin waƙa, ya raɗa masa, "Sannu da zuwa. Kai me ka yi?"

Mutum ya sunkuyar da kai ya ce giya ce.

"Allah ya shirya. Ni kifi ne."

Bitrus makaniki, wanda kwalba take kai shi bencin nan kusan duk bayan Kirsimeti, ya gama horonsa wata shekara, ya miƙe ya tuba, aka yi masa tafi, Pasto ya nuna masa wurinsa a gaba. Bitrus ya sosa ƙeya ya ce, "Pasto, in ba damuwa zan koma can. Ya fi iska, ga katifa, kuma Mushe yana fassara mini wa'azinka." Daga ranar bai sake komawa gaba ba. Abin mamaki, bai sake komawa kwalba ba ma, don Kawu yana shinshina shi duk Lahadi.

Kada ku ɗauka mu kaɗai muka yi fushi da bokiti. Akwai shekarar da iyayen yara suka yi ayari zuwa wurin shugaban makaranta, Pasto Ayuba a gaba, kafaɗa da kafaɗa da limamin unguwarsu. Kawu ya hango su ta taga, ya fito da alli a hannu yana murna.

"Kai, madalla! Tun yaushe kuke maƙwabtaka ban taɓa ganinku kuna tafiya tare ba? Ku shigo ku gode wa gaiwa, ita ta haɗa ku."

Shugaban makaranta ya ba su haƙuri, ya ce babin yana cikin tsarin karatu, ba shi da ikon cire shi. Liman ya leƙa bokitin kafin ya fita, ya daɗe yana kallo, ya ce ikon Allah. Kawu ya ce, "Abin da nake ta faɗa ke nan, Malam, aka kai ni bencin baya."

Wanda yake taya shi haƙo gaiwar shi ne Aba Kiyari, wani Babarbare manomin tattasai daga wajen Geskeru, amininsa na shekaru. Aba Kiyari bai yarda da ko kalma ɗaya ta darasin ba, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Yana haƙa yana cewa da Hausarsa ta Barebari, da gaisuwarsu a gaba, "Wushe Mushe, ga kakanka ya fito. Ni nawa kakan daga Barno ta zo, da rawaninta. In wannan ya gama karantarwa ka ba ni shi in sa a miya." Kawu ya ce ba a cin abokiyar aiki. Duk shekara sai ya riƙe ta a randa har ruwa ya sauko, ya mai da ita kogi da hannunsa, Aba Kiyari yana bakin gaɓa yana salati saboda asarar nama.

Sai lokacin nan ya zo da tsaro ya lalace, ba sai na tuna muku ba. Aka hana hawa moto, bakin kogi ya zama wurin da ba a zuwa, Aba Kiyari ya baro gonarsa ya dawo gefen gari cikin rumfar leda da iyalinsa. Na san wasu dattawa sun yi ajiyar zuciya, sun ce to, bana dai babu bokiti, Allah ya yi maganin abin da ya gagare mu. Ina! Aba Kiyari ya san wani busasshen tafki ta wannan gefen kwalta. Suka tafi a keke, tsofaffi biyu, suka haƙo, suka juyo. A shingen shiga gari sojoji suka tare su. Aba Kiyari ne ya ba mu labarin, yana ba mu yana riƙe ciki.

"Tsoho, tsaya nan! Mi ne cikin buhun ga?"

"Malamar makaranta ce. Ku yi a hankali, barci take."

A irin wannan lokaci, mutum ya zo da dunƙulallen abu mai nauyi a buhu ya ce a yi a hankali! Kafin ya rufe baki kowa ya ja da baya, an saita bindigogi, Aba Kiyari ya kwanta rub da ciki yana kalmar shahada. Aka sa Kawu ya kwance buhun da kansa. Ya ce kifi ne a ciki. Sajan, wani yaro daga yamma wanda bai taɓa jin kifi a busasshiyar ƙasa ba, ya ce ƙarya ne, ba inda za su sai ya gani da idonsa. Aka kawo bahon wankinsu da ruwa, aka tsoma curin, aka zauna jira cikin rana.

Kuskuren da suka yi ke nan, don Kawu ba ya ganin mutane zaune ba aikin yi ya ƙyale su. Ya tsinci kara, ya share ƙasa da tafin hannu, ya fara zane. Ya ɗauko babin tun daga farko. Da gaiwa ta ɗago kai ta shaƙi iska, sojoji suka yi ta kabbara, wani yana ɗauka da waya. Sajan ya ce, "Mushe, mun yarda, don Allah ɗauki kifinka ka tafi."

"Ban gama ba. Saura tambayoyi."

Wani kofur ya ɗaga hannu kamar ɗan aji, ya ce, "Mushe, to shef ɗinmu fa, shi daga mi ya fito?"

Kawu ya dubi sajan sama da ƙasa ya ce, "Wannan sai an ƙara bincike."

Kuna dariya, ni ma ina yi. Amma akwai abin da ba ku gani ba, don ku kuna gaba, bayanku yake. Ni nakan zauna kusa da ƙofa saboda shi. Ranar Jibin Ubangiji, idan aka zagayo da faranti, gutsuren burodi da ƴan ƙoƙuna, Kawu yakan rufe ido ya buɗe tafin hannuwansa a kan gwiwa. Mai rabo ya iso benci na kusa da ƙarshe ya juya. Hannuwan nan suna nan a buɗe har a gama waƙa. Ranar ba ya cin abincin rana, ba ya tsokanar kowa, sai ya shige ɗaki ya ja labule. Haka aka yi ta yi tun gashinsa yana baƙi har ya yi fari fat.

Tanti Saratu ta roƙe shi ba sau ɗaya ba. "Habila, kalma biyu ce. Ka miƙe ka ce na tuba, ka ci Jibi, ka koma ajinka ka yi abin da ka ga dama. Wa zai bi ka? Allah ya san zuciyarka."

"Shi ya sa ba zan faɗa ba, Saratu. Ya san zuciyata. Zai san ƙarya na yi don in zauna a teburinsa."

Na ji haushin dattawa, na ji haushin Pasto, wani lokaci har shi Kawun nake jin haushi. Na taɓa ce masa mu koma wata majami'a, ai ba ita kaɗai ce a Difa ba. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "A nan aka yi miki baftisma, a nan na binne ɗana. Ni in fita? In wani ya gaji da ganina, ga ƙofa nan kusa da ni, zan matsa masa ya wuce."

Bayan ya yi ritaya bai daina ba, sabbin malamai su gayyace shi ranar bokiti, ya je da sandarsa. Ciwo ne kaɗai ya tsai da shi. Da jikin ya yi tsanani, likita ya ce mu mai da shi gida, wata Alhamis da la'asar muka ji sallama. Pasto Ayuba ne, shi ma ya tsufa yana jan ƙafa, riƙe da ɗan faranti an rufe da farin ƙyalle. Ni na san farantin nan. Tanti ta toshe baki da zane ta fita tsakar gida.

Kawu ya buɗe ido ya ga abin da ke hannunsa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tattaro ɗan ƙarfin da ya rage masa ya ce, "Ayuba, ban tuba ba fa."

"Na sani."

"In na tashi, bokiti zan ɗauka."

"Na sani, Habila. Har yanzu ban yarda da kifinka ba. Buɗe hannunka."

"Dattawa sun yarda?"

"Ban tambaye su ba. In sun so, ran Lahadi su kai ni bencinka."

Kawu ya yi ɗan murmushi ya ce, "Akwai katifa."

Ya buɗe hannuwan nan kamar yadda ya saba, wannan karon aka sa masa burodi a ciki. Pasto ya riƙe masa ƙoƙon ya sha. Hawaye suna bin gefen fuskarsa suna shiga kunne, Pasto ma yana kuka, ni ma na durƙusa a bakin gado. Kawu bai kai Lahadi ba.

Wasiyya ɗaya ya bar wa Tanti, kuma kun ga yadda ta kaya. Da aka shigo da akwatinsa majami'a, masu ɗauka suka nufi gaba, Tanti ta tare hanya ta ce a'a, cewa ya yi a ajiye shi a wurin zamansa. Aka ɗora shi a kan shuɗin bencin nan na bakin ƙofa. Sai aka tsaya ana kallon-kallo, don ba a yi wa mamaci sujadar jana'iza an juya masa ƙeya. Bitrus makaniki ne ya fara ɗaga bencin da ke gaban akwatin ya juya shi. Sai na kusa da shi, sai na gaba, har majami'a duka ta juyo tana fuskantar ƙofa, dattawa suka tsinci kansu a layin ƙarshe. Pasto Ayuba ya sauko daga mumbari, ya tako har baya, ya yi wa'azi a tsaye kusa da bencin horo. A waje kuwa, tsofaffin ɗalibansa sun cika titi, Musulmi sun fi mu yawa, Aba Kiyari yana zaune a ƙasa jikin bango yana jan carbi.

Bokitin yana wurina yanzu. Ni nake riƙe da ajin da ya bari, kuma na ga Komadugu ta fara janyewa. Na ji an ce wasu dattawa suna so su zauna a kaina. Bismillah, ku zauna. Na san hanyar bencin, fentinsa kawai yake so a sabunta, katifar ma Tanti ta wanke ta.

Ya Ubangiji, ga bawanka Habila ya iso, na san da tambayoyi ya zo, ka yi haƙuri da shi, shi ya ce ba ka tsoro. Ya daɗe a bakin ƙofa da hannu a buɗe. Ka jawo shi kusa da tebur, ka ba shi ya ci ya ƙoshi. Ka ta'azantar da Tanti Saratu, ka ƙara wa Pasto Ayuba lafiya, ka mai da Aba Kiyari gonarsa. Amin.